Hattara da mai allurar "narkar da teɓa" na WhatsApp

Jama'ar Yamai, don Allah ku karanta, ku tura wa ƴan uwa. Akwai wani mutum da ke shiga gurup-gurup na WhatsApp yana tallar allurar sinadarin girma, wadda likitoci ke kira somatropine. Wai tana narkar da teɓa, tana wanke kitsen jini, tana fasa tsakuwar matsarmama. Ba shi da shago, ba ya tambayar takardar likita. Ka tura rabin kuɗi, yaro ya kawo maka kwalba cikin leda a kan babur. Daga ranar da ka kira da ƙorafi, lambar ta daina shiga. Innata na cikin waɗanda ya cuta, kuma har yau ƙafafunta a kumbure suke.

Abin da ya sa yake kama mutane, ƴar gaskiya ya samu ya ɗora ƙarya a kanta. Sinadarin nan wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke samar da shi. A cikin manya, wanda ƙullutun nasa ya lalace, saboda ƙari ko tiyata ko mummunan rauni a ka, shi ake yi wa allurar, bayan gwajin jini, likita na bibiya. A irin wannan majinyaci mugun kitsen jini, wato kolestarol ɗin da ake kira LDL, yakan ɗan sauka, domin hanta na ƙara janye shi daga jini, kuma da kolestarol ɗin take haɗa ruwan matsarmama. Teɓarsa ma takan ɗan ragu. Tsakuwar da ta riga ta taru, allurar ba ta narkar da ita.

Mai lafiya kuwa, abin da zai iya samu shi ne kumburin hannu da ƙafa, ciwon gaɓoɓi, yatsu su riƙa mutuwa, sukari ya hau. Mai ciwon sukari da ya yi ta ya jefa kansa cikin haɗari. Mai ciwon daji an hana shi ita gaba ɗaya. Ko tambaya wannan mutumin ba ya yi!

Sannan ta gaskiyar a firijo ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ku duba zafin Yamai a watan Afrilu, sama da 40, kwalba na yawo a leda. Ko ta kirki ce ta riga ta lalace. Wanda ya ce maka yana da ta ƙwaya ma ƙarya yake, ciki narkar da sinadarin yake kamar nama.

In kitsen jini ke damunka, ka je labo a auna, likita ya rubuta maka magani irin su simvastatine ko atorvastatine, ana samun su a farmasi. Ciwon gefen dama na ciki kuma ekografi, wato hoton ciki, ke nuna ko tsakuwa ce. Wanda ya riga ya fara allurar ya dakata, ya kai kwalbar wurin likita a auna masa sukari, ya ajiye saƙonnin da rasit ɗin tura kuɗi ya kai wa ƴan sanda.