Sharhi Kan Aikin Wani Mai Gyaran Jikin Mota a Kaduna: Tsatsa da Yoyon Ruwa

Motar da nake magana a kanta ƙirar 1996 ce, na saye ta a 2012 daga cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, tun kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Takardunta sun nuna cewa a Jamus ta yi dukkan rayuwarta ta farko. Injinta bai taɓa ba ni wata wahalar a zo a gani ba, shi ya sa ban damu da jikinta ba, sai da na wayi gari a tsakiyar damina na tarar da kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe sharkaf, gilasai suna gumi daga ciki, ga warin danshi da babu turaren da ke iya danne shi.

Kafin in kai ga mutumin da wannan sharhi ya shafa, na fara gwada na araha. Wani mai gyara a unguwarmu ya dubi motar daga waje, ya yanke hukuncin cewa robar gilashin gaba ce ta mutu, ya zagaye ta da silikon, sannan ya shafe ƙurajen tsatsar da suka fito a ƙasan ƙofofi da fila, wato ƙullun da ake cike ramukan jikin mota da shi, ya fesa fenti. A yini ɗaya aka gama, mota ta fito tana sheƙi. Mako uku bayan haka ruwa ya dawo, kuma kafin damina ta gaba fentin ya fara kumbura daidai wuraren da aka shafe. Daga baya na fahimci dalili. Silikon irin na gini, wanda ke da wari mai tsami idan ana matsa shi, yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid ɗin kuwa yana cin ƙarfen da ba shi da fenti. Ita kuma fila ba ƙarfe ba ce, tana shan danshi, don haka idan aka ɗora ta a kan tsatsa an lulluɓe kura da fatar akuya ne kawai.

Na biyun dattijo ne, garejinsa kuma ba shi da wani kyan gani. Abin da ya fara burge ni shi ne ƙin faɗin farashi da ya yi a ranar farko. Ya ce mini, "Alhaji, ban san inda ruwan yake shiga ba tukuna, yaya zan yi maka kuɗin toshe shi?" Ya sa yaransa suka kwance kujeru, suka ɗage kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, suka bar motar a rana ta bushe. Washegari ya shiga ciki da tocila ya kwanta, yaro ɗaya yana zuba ruwa da tiyo daga waje. Bai bari an fara daga rufi ba: daga ƙasan ƙofofi aka fara, ana hawa sannu a hankali, ana daɗewa a kowane wuri, domin idan aka jiƙa motar gaba ɗaya lokaci guda ba za a gane kafar da ruwa ya bi ba.

Kafofi uku ya gano. Babbar cikinsu ba ta da alaƙa da gilashi ko kaɗan. A ƙarƙashin waifa, tsakanin gilashin gaba da bonet, akwai wani kwari da ke tara ruwan sama, yana da ƙananan magudanai da ke zubar da shi ta bayan tayoyin gaba. Shekara da shekaru ina ajiye motar a ƙarƙashin darbejiya, ganye yana faɗawa ciki, ƙurar hunturu tana bi ta kai, har abin ya zama laka ya toshe magudanan, ruwa ya riƙa taruwa yana malala ta kafar da iska ke shiga cikin mota. Ta biyu wani ɗan rami ne da tsatsa ta huda a bakin ƙarfen da gilashin gaba ke zama a kai, daidai ƙarƙashin silikon ɗin da aka shafa mini. Ta uku ban ma san da ita ba: robar bayan fitilar baya ta bushe ta tsage, ruwa yana gangarawa but yana kwanciya a ramin safayar taya. Ya duba bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Wajen tsatsa ma haka ya bi a tsanake. Ya zagaya jikin motar da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa ya san fila ce a wurin, sannan ya shiga ƙarƙashi yana dannawa da sukundireba. A daben gefen fasinja sukundirebar ta wuce kamar an soka ta a kwali. Ruwan Kaduna ya ƙarasa aikin ne, amma asalin cutar daga Turai motar ta zo da ita, domin a can ana watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin yana maƙalewa a lungunan ƙasan mota, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa ƙwarai. Wannan ya tuna mini da Peugeot 504 ta mahaifina, irin waɗanda aka fara haɗawa a nan Kaduna tun 1975, wadda ba ta taɓa taka titin gishiri ba, kuma har aka sayar da ita dabenta bai huje ba.

Dattijon ya yanke duk ruɓaɓɓen ƙarfen har sai da ya kai ga mai haske, ya auna sabon falle ya yi masa walda, ya goge. Inda tsatsar ba ta yi zurfi ba ya kankare ta, ya shafa maganin da ke mayar da ita baƙa ƙirin, wanda asid ɗin fosforik ke cikinsa, ya bari ya bushe kafin ya sa firema, wato shafen da ake yi kafin fenti. Gilashin gaba kuwa cire shi aka yi gaba ɗaya, aka gyara bakin ƙarfen, aka mayar da shi da gam ɗin gilashin mota na ainihi. Robar fitilar baya ni na je Panteka na samo mai kyau.

Duk da haka akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma bai kamata in ɓoye su ba. Ya yi mini alkawarin kwana goma, motar ta yi kwana ashirin da huɗu, kullum da sabon uzuri, alhali ina ganin motocin da suka zo bayan tawa suna fita. Waldar da ya yi amfani da ita ta kabaid ce, wadda zafinta ke bazuwa nesa, don haka ƙasan ƙofa ɗaya ya ɗan lanƙwashe, sai da aka daidaita shi da fila, ko da yake wannan karon a kan lafiyayyen ƙarfe aka ɗora ta. Irin wannan walda tana kuma ƙone fentin da ke bayan ƙarfen, wurin da ido ba ya gani, kuma da ban yi magana ba da haka zai bar shi tsirara. Da na matsa, sai ya ce zai fesa baƙin mai, na ƙi, saboda baƙin mai yana lalata roba, yana kama ƙura, ruwa kuma yana wanke shi. Ni na sayo maganin fesawa mai kaki da aka yi domin lungunan mota. Haka kuma ya so mayar da tsohon soson kafet, wanda ya riga ya ruɓe yana wari. Fentin ma bai zo daidai ba, idan rana ta haska ana ganin bambanci tsakanin ƙofar gaba da ta baya.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ya yi game da bututun burki. Mutumin da ya shafe kwanaki a ƙarƙashin motar ba zai ce bai ga yadda tsatsa ta ci su ba, amma sai da na kai ta wurin makanikena ya nuna mini, muka canza biyu. Na san ba fanninsa ba ne, sai dai magana ce ta rai, kalma ɗaya ta isa.

Kuɗin da na biya ya ninka na mai gyaran farko kusan sau huɗu, amma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Motar ta ratsa damina guda cur, har da ruwan Agusta da Satumba, ina ɗaga kafet bayan kowane ruwa mai ƙarfi ina tarar da daben a bushe, but ɗin ma haka. Zan tura masa duk mai tsohuwar motar da injinta ke da sauran ƙarfi, da sharaɗin ya nemi wata motar hawa ta wata guda, ya riƙa leƙawa garejin kafin a rufe kowane wuri da fenti, ya kuma kai fentin ƙarshe wurin wani daban. Wanda tsatsa ta riga ta kai wa ga inda ƙafafun mota ke ɗaure kuwa, gara ya fara jin ta bakin makanike kafin ya kashe ko kwabo a jiki. Ni dai na daina ajiye tawa a ƙarƙashin darbejiyar, kuma kowane watan Afrilu, kafin ruwan farko, ina buɗe bonet in zura waya a magudanan nan in zuba ruwa, in tsaya sai na ga ya fito ta bayan taya.