Kayan ɗakin da na ɗauka bashi a Kumasi: gado ya yi, kujeru sun ba ni kunya

Masu kirana a waya suna tambaya ko su je su ɗauki kayan ɗaki wurin mutumin nan da ke ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan, ga amsa a wuri ɗaya don in huta da maimaitawa. Gado ku ɗauka. Kujeru kuwa ku dakata ku ji tukuna. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka tambaye ni sun san shagon, sun kuma san farashinsa.

Ni 'yar kasuwa ce, mayafai nake sayarwa a kasuwar Kejetia, kuma duk mai jari ya san ba a zare kuɗin saitin falo a jikin jari lokaci ɗaya. Tun da sidi, kuɗinmu na Ghana, ta faɗi a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, kayan katako suka tashi ba su sake saukowa ba. Adashe kuma kafin kwasarki ta zo kujerar ta ƙara kuɗi. Shi ya sa na ba da kafin alƙalami, sauran ina turawa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk ƙarshen wata. Abin da ya ɗora a kan farashin kuɗi-hannu ba kaɗan ba ne, amma na gani na amince, ban kuma zo yin ƙorafi a kansa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ranar kawo kaya ba ni da abin cewa sai yabo. Ana gab da Babbar Sallah ne, ruwa kullum, suka lulluɓe komai da leda a cikin aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Wanda ya san lungunanmu na Aboabo ya san shigar da doguwar kujera aiki ne, amma yaran suka ratsa da ita ko ƙwarzane babu. Gadon kuwa har gobe ina sa masa albarka. Mahogani ne na gaske, sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi, jikoki suna tsalle a kai ko ƙyas ba ya yi. Da gadon kaɗai na saya, da yanzu talla nake yi wa Masta, mai shagon, kyauta.

Abin da ya faɗa mini a kan kujerun, a gaban yaransa, shi ne: "Hajiya, wannan ciki da waje katako ɗaya ne da gadon. Soson mai ƙarfi ne. In wani abu ya taɓa su cikin shekara, kira ɗaya za ki yi mini."

Damina ba ta ƙare ba soson doguwar kujerar ya fara lotsawa ta tsakiya, in ka zauna sai ka ji katako a ƙarƙashinka. Da hunturu ya shigo sai ta fara ƙara, ko yaro ne ya hau sai ta yi kuka. Ranar sunan jikata, falo cike da mata, uwar mijin 'yata da ta taso tun daga Nima ta zauna a tsakiyar kujerar da jaririya a hannu. Sai muka ji ƙas! Kujera ta rabe ta tsakiya, tsohuwa ta nutse, gwiwoyinta suka kusa haɗuwa da haɓarta, ɗankwali ya zame. Allah ya tsare, ta ƙanƙame jaririyar ba ta saki ba. Aka ɗago ta tana "ba komai, ba komai, Hajiya," amma ba ta ƙara zama a kan komai ba sai tabarma har ta koma Accra. Surukai ne fa. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Washegari na kira wani dattijon kafinta maƙwabcinmu, wanda ya yi aiki a Anloga tun kafin a kwashe masu katako a mai da su Sokoban. Ya kifa kujerar, ya yage baƙin ƙyallen da ake rufe ƙasanta da shi, ya ce, "Hajiya, zo ki gani da idonki." Hannuwan da ƙafafun da ido ke gani kaɗai ne jan katako. Duk ƙashin cikin farin katakon nan ne da ake kira wawa, irin wanda magina ke yin akwatin zuba kankare da shi. Ya danna farcensa, farce ya shige. Ya ce wawa ba shi da nauyi, yana da sauƙin aiki, yana da araha, amma ba ya ɗaukar nauyin mutum uku shekara da shekaru. Kuma wannan ɗanye aka yi aiki da shi, ba a bari ya bushe ba. Ɗanyen katako da damina lafiya lau yake, sai iskar hunturu ta zuƙe ruwan jikinsa ya tsuke, mahaɗa ta saki, ƙusa ta yi lako-lako. Mahaɗar ma ba fiƙe ta aka yi aka cusa ba, gam aka shafa aka harba mata 'yan siraran ƙusoshin bindiga. Soson da aka ce mai ƙarfi ne, ɗan siririn falle ne a sama, ƙarƙashinsa guntattakin soso aka cusa kamar ana ɗura matashi. Ya kuma nuna mini wasu 'yan ƙananan huji a jikin katakon, ya buga da yatsa, gari ya zubo. Ya ce ƙwaro ne, tun daga wurin masu katako yake ciki, ba a yi masa magani ba.

To, daga nan ne na san shagon nan baki biyu gare shi. Bakin karɓar kuɗi ba ya makara: wata bai ƙare ba saƙo ya shigo, in kin ƙara kwana ɗaya yaro ya kira. Bakin gyara kuwa kullum Masta ya tafi Sokoban, Masta yana jana'iza, Masta zai kira ki. Na tura hotuna ta WhatsApp, aka buɗe aka gani, shiru. Da na je da ƙafata, sai yaron shagon ya nuna mini hatimin da ke jikin rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, har yana tambayata ko mutum nawa ne suka zauna a kai. Kujerar zaman mutum uku, mutum nawa za su zauna? Na ce to, kuɗin wannan wata ba zai fita ba sai an zo an duba. A lokacin na riga na biya fiye da rabi nesa ba kusa ba.

Kuɗi na tsayawa sai ga Masta ya samu lokaci. Wata Asabar da hantsi, ina wanki a tsakar gida, na ji tsayuwar aboboya a bakin lungu. Shi da yara suka shigo, sallama ma a tsaitsaye. Wai sun zo kwashe kayansu, har da gadon, tunda na karya alkawari. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, nan da nan kowa ya leƙo. Na tsaya a bakin ƙofa da kumfa a hannu na ce, "Masta, ka zo gyara ne ko ka zo tozarta ni?" Ya ce takarda ce ta ba shi iko, kaya nasa ne har sai na biya na ƙarshe, in na hana shi zai kawo 'yan sanda. Ɗaya daga cikin yaran har ya kama labule zai ɗaga.

'Yar maƙwabciyata da ke karatun lauya a jami'ar KNUST ta zo hutun ƙarshen mako, ita ce ta fito ta ce, "Mma, ɗauko mini takardar da kika sa wa hannu, da wayarki." Ta karanta a tsaye, ta bi saƙonnin MoMo ɗaya bayan ɗaya tana lissafi a bayan ambulan. Sannan ta juya ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, gaskiya ne takarda ta ce kayan naka ne sai an gama biya. Amma irin wannan ciniki yana da dokarsa tun 1974, mai lamba NRCD 292. Da zarar mai saye ya biya rabin kuɗin, ba ka da ikon ɗauke kaya da hannunka, sai ka bi ta kotu. In ka ɗauka a haka, yarjejeniyar ta mutu, Mma ba ta da sauran bashi, kuma tana iya neman duk abin da ta biya ka ka mayar mata." Ta ƙara da cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, maganar kotun farar hula ce.

Ya kawo zancen hatimin rasit. Ta ce dokar sayar da kaya ta 1962, mai lamba 137, ta ɗora wa mai sayarwa nauyin cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana ba, kuma wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan ba ya kuɓuta da buga hatimi. Aibin da mai saye zai iya gani in ya duba, wannan ruwansa. Amma katakon da aka rufe da yadi aka bi da ƙusa, wa zai gan shi a shago? Masta ya yi tsaye yana kaɗa makulli. Mai aboboya ya leƙo ya ce shi fa a biya shi kuɗin zuwa, ko da kaya ko babu. Mata suka kwashe da dariya. Haka suka fita hannu rabbana.

Bayan sun tafi yarinyar ba ta bar ni ina ta murna ba. Ta ce riƙe kuɗi da baki kawai yana da haɗari, don shi ma yana iya kai ƙara a ce ni na fara saɓawa. Muka rubuta wasiƙa da kwanan wata, muka lissafa aibin, muka haɗa da hotuna, muka ce kuɗin yana nan a ajiye ana jiran gyara. Ta kuma ce tunda kayan sun yi watanni a ɗakina, maganar a mayar da su gaba ɗaya a ba ni kuɗina za ta yi wuya, abin da ya fi kusa shi ne gyara ko ragin kuɗi. In ya ƙi, akwai kotun gunduma, can ma sukan fara tura mutane wurin masu sulhu, akwai kuma ofishin taimakon shari'a na gwamnati ga wanda ba shi da kuɗin lauya. Abin da ya ba ni haushi shi ne jin cewa an daɗe ana maganar yin doka guda ta kare masu saye a Ghana, shekara da shekaru ana jan ƙafa. Wato mace irina, in ba ta da 'yar makaranta a gida, da tuni gadonta yana kan aboboya da kuɗinta a aljihun wani.

Ba mu kai kotu ba. Kawuna ya kai maganar gaban Liman, aka kira Masta bayan la'asar. A nan kam ya sauko. Ya ce ba shi ke haɗa ƙashin kujeru ba, wasu yara yake ba wa kwangila, kuma katako ya yi tsada. Liman ya ce masa, "Wannan tsakaninka da yaranka ne. Ita kai ta sani, kai ka ce mata mahogani." Aka tsayar zai sake ƙashin doguwar kujerar da busasshen jan katako, ya sa soso na kirki, ya yafe biyan wata ɗaya saboda kunyar da aka ba ni. Sauran kuɗin in riƙa ba Liman, shi zai miƙa in aiki ya kammala.

Kuma fa ya yi aikin. Wannan karon sai da na sa aka kifa ta a gabana kafin a rufe ƙasan, dattijon kafinta ya duba mahaɗa ya gyaɗa kai. Kujerar ta dawo da nauyinta, soso yana mai da kai sama in ka tashi. Har na fara cewa a raina mutumin ba mugu ba ne, sakaci ne, na ma gaya wa wata ƙawata a kasuwa ta je ta duba gado wurinsa. Da a wancan makon na rubuta wannan sharhi, da na ce ku je, ku dai sa ido.

Sai dai hakan ma ya ƙara tunzura ni da na zauna na yi tunani. Ashe ya iya aikin kirki, yana da katakon, ya san inda ake samun soson. Sai da aka tara masa dattawa ya yi. Wadda ba ta yi hayaniya ba fa? Kuma kuɗin mahogani na biya tun farko, har da ƙarin bashi a kai.

Sannan ga ƙananan kujerun guda biyu. Su ba su karye ba, don haka ba su shiga sulhun ba. Kwanan nan ina shara na ja ɗaya, sai ga garin katako a kan leda, tsibi-tsibi a daidai ƙafafu. Na share, washegari ya dawo. Ƙwaron nan ne dai, kuma kafinta ya ce in ba a yi maganinsa ba zai iya kama teburin tsakiya, shi ma cikinsa farin katako ne. Na kira shago. Masta ya tafi Sokoban.

Saboda haka ga masu tambaya: gado, ku ɗauka, ba za ku yi da-na-sani ba. Kujeru, kar ku yarda da hannu da ƙafa, ku sa a kifa, a buɗe ƙyallen ƙasa, ku danna farce. Sunan katako da irin soso da alkawarin shekara ɗayan nan, a rubuta su a takarda tare da farashin kuɗi-hannu da na bashi, ku karɓi kwafinku, kuma kar ku goge saƙon MoMo ko ɗaya. Biyan ƙarshe nawa yana hannun Liman, na kuma gaya masa kar ya miƙa sai Masta ya zo da kansa ya kifa ƙananan nan biyu.