Tsohon Altendorf ko ɗan Chana mai shekara uku: wanne zai fi ba ka wahala?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka gaji da ɗaukar allunan MDF, wato allon garin katako da aka matse, zuwa shagon wasu a yanka maka, ga shi ka samu injin zarto mai teburin turawa guda biyu, duk na hannu. Ɗaya tsohon Altendorf F45 ne tokumbo, irin wanda ake ɗaga zartonsa da kwantar da shi da hannu. Mai shi ya ce wani lokaci sai an danna an sake dannawa yake tashi, in an kashe kuma zarton ya daɗe yana juyi. Ɗayan ɗan Chana ne, MJ6132, shekara uku yana aiki a wani shago, fentinsa garau, sai dai yana gutsure ƙasan allo, kuma kusurwarsa ba ta cika sikwaya. Kana tambayar wanne ne ciwonsa mai magani, wanne kuma zai fi sauƙin riƙo.

A irin wannan inji, teburin da ake turawa shi ne kuɗinka. Boris, bel, kontakta (makunnin cikin akwatin wuta da ke tayar da inji), har naɗin koyil, duk akwai masu yi a Kano, daga Sabon Gari zuwa Ƙofar Ruwa, in a Kaduna kake kuma ga Panteka. Amma layin da teburin ke gudu a kai in ya ci, babu bakaniken da zai dawo maka da shi yadda yake. Don haka kafin ka saurari kukan inji, kashe wuta, ka goge layin tas, ka tura teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan da yatsa biyu. Tafin ɗaya hannun kuma ya kwanta a kai. Abin da kake nema shi ne wurin da zai yi nauyi, ko ya yi "ƙyas" kamar ya taka tsakuwa. Mafi yawa a tsakiya ake samu, don nan aka fi yin gajerun yanka. Sai ka janyo shi har ƙarshe, ka kama bakinsa ka ɗaga sama, ka girgiza gefe da gefe. In yana wasa, ka tambayi kanka: sakin noti ne ko cin ƙarfe ne?

A nan tsohon ya fi. Wilhelm Altendorf shi ya ƙirƙiro wannan nau'in inji a 1906, kamfanin yana Minden a Jamus har yau, kuma abin da aka san su da shi shi ne teburinsu. Yana gudu ne a kan manyan tayoyi masu siririn ƙugu kamar kalangu, ba ƙananan ƙwallaye ba, shi ya sa ƙura ba ta cika dame shi ba, kuma yana daɗewa bai sauya saiti ba. 'Yan Chana irin MJ6132, wanda 32 ɗin ke nufin tebur mai tsawon milimita 3200, da yawa daga cikinsu kwaikwayon wannan tsarin ne ko na Italiya, amma ƙarfen ba ɗaya ba ne, kuma masana'antu barkatai ne ke yin su da lamba iri ɗaya. Wani ka samu mai kyau, wani shekara biyu ya fara rawa. Kada dai suna ya ruɗe ka: tsohon da ya sha shekara talatin a masana'anta, aka jefa shi a kwantena ba a ɗaure teburin ba, zai iya zuwa da lanƙwasar da ɗan Chana ba shi da ita.

Wani abu da ya shafi dukansu: kada ka sa giris a layin. Na taɓa dawowa daga Na'ibawa sayen katako na tarar yarona ya shafe layin injina da giris, wai ya ji yana ƙara. Lokacin hunturu ne. Kafin mako ya zagayo, ƙurar hazo da garin MDF sun haɗu da giris ɗin sun zama baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe, tebur ya yi nauyi kamar ana tura amalanke a yashi. Wuni guda muka yi da kananzir da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Tsumma mai ɗan danshin kananzir ya isa, a bi da busasshe, kullum kafin a tashi aiki. Giris wurinsa shi ne sandunan ɗaga zarto da kwantar da shi, su ma sai an kakkaɓe dusar da ta daskare a kansu.

Yanzu ciwon ɗan Chanan. Gutsurar ƙasan allo yawanci ba laifin inji ba ne, laifin ƙaramin zarton gaba ne. Aikinsa ya tsaga fatar allo ta ƙasa, zurfin milimita 1 zuwa 2, yana juyawa saɓanin babban, kafin babban ya iso. Dole su hau layi ɗaya, kuma faɗin tsagarsa ya ɗara na babban da ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. In gefe ɗaya kawai ke gutsurewa, ya kauce ne, ka matsar da shi. In duka biyun ne, ko ya dakushe ko ya yi siriri. In ƙaramin zarton mai ɓari biyu ne, ana ƙara masa siraran wasoshi a tsakani. Babban kuma, na allon da aka lulluɓe, ka nemi mai faɗin milimita 300 da haƙora 96. Da yawa suna yanka MDF da zarton tsaga katako mai haƙora ƙalilan, sannan su ce inji ne. Ka lura kuma ramin ƙaramin zarto ba ɗaya ba ne: na Altendorf milimita 22 ne, 'yan Chana yawanci 20, kuma na 20 ɗin ya fi yawa a kasuwa. Wannan maki ne ga ɗan Chana.

Rashin sikwaya shi ya fi buƙatar bincike, don cuta biyu ke kawo shi, ɗaya ta minti goma, ɗaya ta har abada. Je da guntun allo kamar mita ɗaya kowane gefe. Jingina shi da jagoran giciye, wato sandar da ke gicciye a kan teburin, ka yanke gefe ɗaya, ka juya gefen da ka yanke ya koma jikin jagoran, ka sake yankewa, haka har gefe huɗu. A karo na biyar ka fitar da siririn tsinke daga gefen farko, ka auna kaurin kansa da na gindinsa. Bambancin da ka samu kuskuren ne ninki huɗu, don haka in ka ga milimita 0.4, ainihin kaucewar milimita 0.1 ce a mita, ba abin damuwa ba ne. In ya yi yawa, ka daidaita notin da jagoran ke tsayawa a kai, ka maimaita. Sannan ga inda gaskiya take fitowa: cire jagoran gaba ɗaya, ka mayar, ka sake gwajin sau uku. In sakamakon na dawowa ɗaya, saiti ne kawai, an gama. In kowane karo da nasa lissafin, to ko teburin na wasa, ko hannun da ke tallafe da firam ɗin waje, wanda jagoran ke zaune a kai, ya gaji yana sunkuyawa. Wannan injin zai riƙa ba ka ƙofar wadrob da ba ta rufuwa.

Shi kuwa tsohon, ciwon da aka faɗa maka na wuta ne, kuma bai tsorata ni ba. Injinan Turai suna da ƙananan makunnai na kariya: in murfin zarto na ƙasa bai rufu sosai ba, ko jan maɓallin gaggawa bai fito duka ba, ba za su tashi ba. Gari yana shiga cikinsu ya hana su taɓawa. A hura da bulowa, a duba kontakta. Daɗewar juyi kuma birki ne. Ƙa'idar Turai ita ce zarto ya tsaya cikin daƙiƙa 10. A gyara shi, kada ka bari mai wuta ya ce maka "bari mu tsallake shi kawai". Da a ce mai allon kwamfuta ne, wanda maɓalli ke ɗaga zarto, da na ce ka yi a hankali, don wutarmu ba ta raga wa irin waɗannan allunan, kuma sai an yi odarsu daga waje. Tunda na hannu ne, wannan fargabar ta kau. A ɗan Chana komai na akwatin wuta gama-gari ne, kowane mai gyara ya san shi.

Dukansu wuta mai layi uku suke sha, babban koyil, wato motar da ke juya babban zarto, kusan kilowat 5.5. Abin da ke ƙona su shi ne layi ɗaya ya ɗauke inji na aiki, sai ka ji yana gurnani ƙarfi ya ragu. Sa na'urar da ke yanke wuta in layi ya faɗi, ta fi naɗin koyil araha. Ranar da ka haɗa shi a shagonka, ko ka koma janareta, duba juyin zarto kafin ka kusanto da allo. In baya yake yi, a musanya waya biyu.

Ka tambayi kowane mai inji ina wuƙar bayan zarto take, don ita aka fi cirewa a yar. Ita ke hana katako matse zarto ya harbo maka shi a ƙirji. Tazararta da haƙora kada ta wuce milimita 8. In ta ɓata a tsohon, a yanko maka wata daga farantin ƙarfe wanda ya fi jikin zarto kauri amma bai kai faɗin tsagar ba.

Ni da kuɗina, in teburin Altendorf ɗin ya wuce gwajin hannu da na yanka biyar, shi zan ɗauka, in ware wani abu na mai wuta da sabbin boris. In ya faɗi, ɗan Chanan kuma ya maimaita sakamako ɗaya sau uku, ɗauki ɗan Chanan, amma ka sa a ranka za ka riƙa duba saitinsa duk wata, shi tsohon kuwa ba ya buƙatar haka sai an motsa shi daga wurinsa. Ka ce su haɗa maka wuta ranar da za ka je, ka tafi da allonka da zartonka, ka turo mana lambobin da ka auna.