CT ko MRI wajen auna tushen ƙwaƙwalwa?

Tushen ƙwaƙwalwa, mai kula da numfashi da bugun zuciya, yana kwance ne tsakanin ƙasusuwa masu kauri. Nan CT, hoton cikin jiki da ake ɗauka da X-ray, ke gazawa, don ƙashin kan ɓata hoton da zane-zane. Amma cikin mintuna kaɗan an gama, kuma in ana zargin zubar jini a kai, shi ake nema.

MRI kuwa, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ƙashi ba ya damunsa, har da milimita ake awo. A PSP, wata cutar ƙwaƙwalwa mai dagula tafiya da motsin ido, sashen sama na tushen ƙwaƙwalwa ke motsewa, sai hoton gefe ya yi kama da kan tsuntsu mai dogon baki, abin da ke taimaka wa likita ya bambanta ta da Parkinson, cutar da ke sa karkarwa. Akwai tsada, ga ƙara, ga kwanciyar rabin awa ba motsi, amma in awo ake so, MRI nake goyon baya.