Sharhi kan aikin mai sa wa dawaki takalmi

Na nemi mai sa wa dawaki takalmi ne saboda kofaton gaba na goɗiyata ya fara tsagewa tun da ta koma tafiya a kan tsakuwa. Kafin ya taɓa guduma, sai da ya sa aka zaga da ita a gabansa yana duban yadda kowace ƙafa take sauka, sannan ya ɗaga ƙafar ya maƙale ta tsakanin cinyoyinsa, ya kankare dattin tafin, ya datse abin da ya yi tsawo, ya bi da magagari har kofaton ya daidaita. Wannan gyaran ya ci fiye da rabin lokacin aikin, kuma a ganina nan ƙwarewarsa take, domin takalmin da aka ɗora a kan karkataccen kofato karkatar kawai yake tabbatarwa.

Da zafinsa ya gwada ƙarfen takalmin. Ya ciro shi daga wuta, ya buga a kan uwar maƙera, ya ɗan danna a kofaton, hayaƙi mai ƙaurin ƙonannen gashi ya tashi, amma goɗiyar ko gezau ba ta yi ba, tunda bangon kofato kamar farcen mutum yake, ba ya jin zafi. Tabon ƙunar ne ya nuna masa inda ƙarfen bai zauna ba. Ƙusa shida ya buga a kan farin layin da ke tsakanin bango da tafi, kowace ta ɓullo ta gefe ya datse bakinta ya lanƙwashe, kuma bai kai ko ɗaya wajen dunduniya ba, saboda can ne kofato yake buɗewa idan nauyi ya hau kansa. Ƙusa ɗaya da ta kauce ciki ta isa ta sa doki ɗingishi, shi ya sa ban ga laifin Birtaniya ba da ta yi doka a 1975 cewa sai mai rajista ne zai yi wannan sana'a.

Inda ya rage mini armashi shi ne ƙafafun baya, waɗanda ya yi cikin gaggawa, ga shi ba mai son bayani ba ne sai an matsa masa. Takalmi ɗaya na baya ya fara girgiɗi tun lokacin sauyi bai zo ba, ko da yake ya dawo ya gyara ba tare da gardama ba. Kofato yana ƙaruwa da milimita 6 zuwa 10 a wata, don haka bayan mako 6 zuwa 8 dole a cire takalman a sake datsewa, kuma shi zan sake kira, da sharaɗin ya fara da ƙafafun baya.