Sun iya tsoron Tituba, sun ɓata ƙaryar Elizabeth

Tikitin bai yi tsada ba, kuma kashi na farko na The Crucible da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kawo dandamali ya ci kuɗinsa. Wasan Arthur Miller ne na 1953, kan shari'ar maita da aka yi a garin Salem na Amurka a 1692, inda aka rataye mutum 19. Wanda ya taɓa ganin an nuna wata tsohuwa da yatsa a unguwa an ce mayya ce, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wadda ta fito a Tituba, baiwar da aka fara zarga da maita, ta burge ni ƙwarai. Da aka ambaci bulala da rataya, gwiwoyinta ne suka fara saki kafin bakinta ya amsa laifin da ba ta yi ba. Abigail, yarinyar da ta ɗora mata laifin, na gefe tana kallo, kana ganin lokacin da ta gane cewa mai amsa laifi yana tsira, sai ta soma jero sunayen mutane. Har na ce na samu wasan da zan tura ɗalibai su gani.

Sai aka zo kashi na uku, raina ya ɓaci. A nan John Proctor, manomin da ake zargin matarsa da maita, ya tona wa kansa asiri a kotu cewa ya yi lalata da Abigail, ya kuma rantse matarsa ba ta taɓa ƙarya ba. Alƙali Danforth ya sa a shigo da matar, Elizabeth, bayan ya umarci Proctor da Abigail su juya baya. Juya bayan nan shi ne ƙashin bayan fitowar: kada ta karanci komai a fuskar mijinta. Ba ta san ya riga ya faɗa ba, don haka take kwana-kwana, ana matsa mata, har ta yi ƙaryar farko a rayuwarta don rufa masa asiri, ƙaryar kuma ta hallaka shi.

Mai ba da umarnin wasan ya tsayar da Proctor a kaikaice, wai don 'yan kallo su ga fuskarsa. To ai ita ma tana ganinta! Mace na kallon mijinta yana zare mata ido, ta yaya za mu yarda ba ta gane ba? Ga shi an datse kwana-kwanar, an tambaye ta sau ɗaya ta musa nan take, kamar wadda ta saba. Wurin da ya kamata zaure ya yi tsit na kusan minti guda, ya wuce kafin mutum ya gyara zama. Gyaran kuwa ba ya cin ko sisi: a juya shi gaba ɗaya, a sa fitila ɗaya a kanta, a bar ta ta yi jinkirinta.

Makirufo ma ya ƙara. Inda Abigail da ƙawayenta ke maimaita duk abin da Mary Warren, 'yar aikin Proctor da ta zo ƙaryata su, ta faɗa har tsoro ya karya ta ta koma zargin Proctor, lasifika ta yi ta kuwwa, na baya suka fashe da dariya. Wanda zai je ya nemi layuka uku na gaba. Ni dai ɗaliban da na ce zan tura, sai na ji an juya bayan Proctor tukuna.