Na sayi tawagar sitol a Jos, agogon minti 20 ya kayar da ni

Masu buga Pokémon a Jos sun san saurayin nan da ke zama a wani shagon gem wajajen Terminus yana haɗa wa mutane tawaga, yana kuma koyar da wasa. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma sai na faɗi abin da yake karɓa ba, kun dai san ba kuɗin shayi da burodi ba ne. Abu uku na biya a dunƙule: ya haɗa mini tawagar sitol, wato ta salon tsaro da jan wasa, ya zauna ya koya mini yadda ake tuƙa ta, sannan ya raino mini dodannin shida a cikin gem ɗina na Pokémon Scarlet a na'urar Nintendo Switch. Koyarwar ya yi ta yadda ya kamata. Sauran biyun ne suka sa ni wannan rubutu.

Ni dama can salon tsaro nake so, wanda za ka toshe wa abokin karawa kowace kafa, guba da duwatsu su riƙa cin sa kaɗan-kaɗan har ya ƙare ko ya gaji ya miƙa wuya. Na san da yawa ba sa ƙaunar mai buga sitol, suna cewa ɓata lokaci ne. Ni a wurina babu wasan da ya kai shi lissafi.

Tawagar da ya ba ni ita ce Blissey, Dondozo, Clodsire, Alomomola, Gliscor da Corviknight. Gaskiya yadda ya warware mini aikin kowanne ya burge ni. Blissey ce ta fi kowane dodo yawan jini, ma'auninta 255, amma tsaronta na dukan jiki 10 ne kacal, don haka harin nesa take shanyewa, da ta ga mai naushi sai a janye ta. Dondozo da Clodsire suna da baiwar Unaware, komai ƙarin ƙarfin da abokin karawa ya tara ba ya shiga lissafinsu. Alomomola tana aika wa 'yan uwanta jini da Wish, ita kuma duk janyewa tana maido da kashi ɗaya cikin uku na nata. Gliscor guba ce abincinsa, kowane zagaye tana ƙara masa kashi ɗaya cikin takwas na jininsa. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne ƙirga PP, wato sau nawa dodo zai iya yin kowace dabara a wasa. Ya sa na riƙa ajiye takarda da biro a gefe, duk lokacin da abokin karawa ya warkar da dodonsa da Recover ko Roost in ja layi ɗaya. Ya ce tun da Scarlet da Violet suka fito a Nuwamban 2022 aka rage waɗannan dabarun warkarwa daga 16 zuwa 8, saboda haka wanda ya iya ƙirga takwas ya san ranar mutuwar abokin karawarsa tun kafin ta zo.

A Pokémon Showdown kuwa, shafin intanet ɗin da ake buga karawar Pokémon, abin ya yi aiki har na fara tallata shi a wurin abokai. Akwai wani da ya tsaya da Kingambit ya ƙara ƙarfin duka da Swords Dance har sau uku a gaban Dondozo, ya kawo duka, jinin Dondozo ko rabi bai taɓa ba. Ya rubuto mini baƙar magana ya fita. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kuɗina sun yi albarka.

To ga inda ta ɓaci. Tun ranar da muka yi ciniki na gaya masa dalilina: akwai 'yar gasa da samari ke haɗawa a wani shago ta hanyar Bauchi Road, kowa ya zo da Switch ɗinsa, kuma don ita nake so ya raino mini dodannin a cikin gem. Na tambaye shi baki da baki ko wannan tawaga za ta shiga. Ya ce, "Haba Maigida, ko'ina ka kai ta za ta ci." Da wannan maganar na ƙara masa kuɗin rainon.

Ranar gasar na isa da wuri, ana sanyin nan na Jos mai sa yatsu su ƙage. Mai shirya gasar ya tsaya ya karanto doka: tsarin Ranked Battle na cikin gem za a bi, ɗaya da ɗaya, kowa ya nuna shida ya zaɓi uku, duk a mataki na 50, kuma ba a yarda dodanni biyu su riƙe kaya iri ɗaya ba. Gabana ya faɗi. Huɗu daga cikin shidana takalmin Heavy-Duty Boots suke riƙe da shi, domin a dokokin ƙungiyar 'yan wasa ta Smogon da ake bi a rukunin OU na Showdown babu wanda ya hana. Kuma duk ginin tawagar a kan wannan takalmi yake, shi ke sa ka riƙa shiga da fita ba tare da duwatsu da ƙayoyin da ake zubawa a fili, wato Stealth Rock da Spikes, sun taɓa ka ba. Na kira shi, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na sake kira, shiru. A tsaye, ana jira na, na riƙa sauya kaya: na bar wa Blissey takalmin, na ba Dondozo Leftovers, Gliscor na nan da Toxic Orb ɗinsa, sauran na lallaɓa musu abin da na tarar a jaka.

Aka haɗa ni da wani yaro da bai wuce ɗan sakandare ba, mai ladabi, har da russunawa ya ce, "Yaya, Allah ya ba mai rabo sa'a." Na duba shidansa, na ɗauki Blissey, Dondozo da Gliscor. Tun a nan na ji tawagar ta rame. Sitol shida ne ke rufa wa juna asiri, wannan ya tare abin da wancan ba zai iya ba. Ka bar uku a benci, ka bar mai aiko da Wish, ka bar mai share duwatsu, ka bar Clodsire.

Ya fito da Glimmora, zagayen farko ya zuba Stealth Rock, ya janye ta, bai ƙara fito da ita ba har aka tashi. Gholdengo ya shigo. Seismic Toss ɗin Blissey, wanda shi kaɗai ne dukanta, ya ratsa ta jikinsa ya wuce tunda fatalwa ne. Ban damu ba, domin an koya mini cewa Blissey tana zama a gaban Gholdengo ta riƙa ƙara tsaronta na harin nesa da Calm Mind har ya gaji. Na danna Calm Mind. Yaron ya riga ni, ya yi Trick, dabarar musayar kaya. Ya manna mata Choice Scarf, ya tafi da takalmina guda ɗaya tilo. Daga nan Blissey ta zama duk shigowarta dabara ɗaya kawai za ta iya yi, kuma duk shigowar sai ta biya duwatsu kashi ɗaya cikin takwas na jininta. In ta tsaya warkewa, Dragonite ya shigo kyauta. In na janye ta, ta dawo ta sake biya. Haka ya yi ta tatsar ta har ta shigo da ɗan abin da ya rage, duwatsu suka ci nasu, Make It Rain ya ƙarasa ta.

Duk da haka ban karaya ba, kuma har yanzu ina kan bakana cewa wasan nawa ne. Gholdengo da Glimmora duka suna tsoron Earthquake ɗin Gliscor, ita Glimmora ma ninki huɗu yake mata. Dragonite kaɗai ke iya tsayawa, shi kuma na riga na sa masa Toxic, in ya ƙara ƙarfi da Dragon Dance Dondozo ya zo ya zauna masa ko a jikinsa. Gubar Toxic tana farawa da kashi ɗaya cikin 16, tana ƙaruwa kowane zagaye, amma da zarar an janye dodon lissafin ya koma farko. Yaron ya san wannan sarai. Sai ya bar Dragonite ya sha zagaye biyu, ya yi Roost, ya janye, ya turo Gholdengo a gaban Dondozo, in kawo Gliscor, ya maido Dragonite. Ni kuma na ciro rasit ɗin mai daga aljihu ina jan layi a bayansa. Roost ɗaya, biyu, uku. Na kai shida. Saura biyu ya rasa abin warkewa, gubar ta yi aikinta, Gliscor ya share sauran.

Abin da ban lura da shi da wuri ba, saboda babu wanda ya taɓa nuna mini shi, shi ne yaron ya daina sauri. Kowane zagaye gem yana ba ka daƙiƙa 45 ka zaɓa, shi kuwa sai ya bari sun kusa ƙarewa kafin ya danna. Ga kuma hotunan motsin da Switch ke nunawa waɗanda ba a iya tsallake su: gubar Dragonite a nuna, ta Gliscor a nuna, Leftovers a nuna, janyewa da shigowa a nuna. A Showdown zagaye ɗari ba komai ba ne, sai an kai zagaye 1000 ake tsayar da wasa a ce canjaras. A Switch duka-duka minti 20 ne. Sanarwa ta fito a allo cewa lokaci ya kusa cika, waɗanda ke tsaye a bayana suka fara "kai, kai". Na riƙa dannawa cikin daƙiƙa ɗaya, amma agogon ba nawa ba ne ni kaɗai. Lokaci ya cika, gem ya ƙirga waɗanda suka rage: nasa uku, nawa biyu. Dragonite ɗinsa jininsa ya yi ja, Gholdengo bai kai rabi ba, amma uku sun fi biyu. Aka ba shi.

Yaron ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya san dokar filin da ya shiga, ya yi amfani da ita. Ya ma zo ya ce, "Yaya, da a Showdown ne da kai ka ci." Wanda na biya kuɗi don ya san wannan doka a madadina shi ne bai faɗa mini ba. Mutumin da ya zauna yana koya mini ƙirga PP ɗaya bayan ɗaya, a ce bai san Switch na da agogon minti 20 ba? Bai san ba a maimaita kaya a Ranked Battle ba? Ko dai bai sani ba, to me ya sa yake karɓar kuɗin raino, ko kuma ya sani ya yi shiru don kar cinikin ya wuce shi. Duk wanda ka ɗauka a cikin biyun babu mai daɗi.

Washegari na same shi a shago. Na zayyana masa komai, na nuna masa rasit ɗin da layukana shida. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Maigida, ai sitol haƙuri ne, mahaƙurci mawadaci." Na ce masa haƙurin da aka yanka wa minti 20 fa? Ya ce ai da na zaɓi Clodsire. Na ce ko Clodsire na zaɓa takalma huɗu ba za su shiga ba, kuma kai ka ce ko'ina na kai ta za ta ci. Sai ya koma cewa in ƙaro wani abu ya sake mini wata tawagar da ta dace da uku-uku. Maganar maido da kuɗin raino kuwa ya ce aiki ya riga ya yi shi.

Na so in bar shi a nan, in ce koyarwarsa ta biya rabin kuɗin. Sai wani abokina a Unguwar Rogo ya ga tawagar a wayata ya yi dariya, ya buɗe mini shafin Smogon inda suke ajiye samfurin tawagogi kyauta ga duk mai so. Na ga ire-iren tawa a can, dodanni kusan ɗaya, takalma a inda nawa suke, dabaru kusan layi da layi. Ni kuwa ce mini aka yi an zauna an auna salon wasana aka ƙera mini tawa ta kaina. Wannan ya fi agogon ƙona mini rai, domin agogo za a iya cewa mantuwa ce, wannan kuwa da gangan ne. Da na tuna, har lokutan koyarwar ma sau da yawa sai na zo na tarar yana buga ƙwallo a PlayStation da abokansa, ya ce in ɗan jira a ƙarasa wasa, in zauna cikin ƙarar janareta har lokacina ya ci rabi. A da ban ɗauke shi komai ba saboda ina jin daɗin abin da nake koya.

Ba zan ce bai iya sitol ba, ya iya. Wanda Showdown kawai yake bugawa, yake so wani ya zauna kusa da shi ya nuna masa lokacin da ake janye Blissey da yadda ake ƙure mai Recover, zai ƙaru da shi, in har zai iya jure jira. Amma kar ka biya shi kuɗin haɗa tawaga, je ka ɗauko ta kyauta ka kawo masa ya koya maka ita. Kuɗin raino a Switch kuwa kar ka ba shi ko sisi sai ya nuna maka tawagar ta shiga Ranked Battle a gabanka, ka ga gem ya karɓe ta, ka ga kuma an buga wasa ɗaya an gama kafin agogo ya cika.

Ya turo mini saƙo a WhatsApp cewa zai yi mini ragi a kan sabuwar tawagar. Na amsa masa cewa ya fara maido da kuɗin raino tukuna, sai mu yi maganar ragi. Ya karanta bai ba da amsa ba.